Hoton Kansila a Filin Gwaggo Tasalla

A bayan unguwarmu akwai wani fili inda Gwaggo Tasalla da wasu mata suke tara robobi da gwangwanaye da takardu, su ware su sayar. Da wannan sana'ar suke ciyar da gidajensu. Wani attajiri ya ƙyalla ido a kan filin, yana son gina gidajen haya, sai ga Kansila Barau ya zo da jama'arsa.

Ya ce, "Gwaggo, nan bola ce, kuma an hana bola cikin unguwa. Nuna mini abu ɗaya da ni da bakina zan ce ba shara ba ne. In kin kasa, gobe katafila za ta shigo."

Ta ɗaga wata gorar ruwa. Ya ce, "Shara."

Ta ɗaga tukunya mai kyau. Ya ce, "Shara."

Mutanen unguwa suka taru. Gwaggo ta kwance wani buhu, ta zaro fostar zaɓen da ya wuce, ga Kansila a jiki yana murmushi.

Ta ce, "Wannan fa, ranka ya daɗe? Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi, kuma mutane suna son su sani kafin zaɓe."

Kansila ya dubi hoton, ya dubi taron. Can ya ce, "Wannan ba shara ba ne."

Ta ce, "Mu ma haka muka gani. Shi ya sa da mai ƙosai ta zo sayen fostar don ƙunshe ƙosai, muka ce ta jira ka yi magana tukuna."

Har yau katafila ba ta shigo ba.