Tulun da Barmo Ya Binne

A can zamanin da, tun dajin yamma da Dutsen Kurma bai san gatari ba, an yi wani maharbi mai suna Barmo. Maroƙa na yi masa kirari da "Barmo na Hakama, kibiya ɗaya nama ɗaya, mai kwana inda kura ke tsoron wucewa." Hakama matarsa ce, maginiyar tukwane, mace mai kaifin baki da sanyin hannu.

Wata rana da rani ya bi sawun wani farin gwanki har gindin dutsen. Ya ɗana kibiya ke nan, sai gwankin ya dube shi, ya kafci ƙasa da kofato, ya shige cikin dutse kamar an buɗe masa ƙofa. A inda ya kafta ruwa ya ɓulɓulo. Barmo ya mayar da kibiyarsa cikin kwari, ya kafa bukka a wurin.

Labari ya bazu, mutane suka taru, aka kewaye gidaje da lambunan albasa da gauta da kuɓewa. To, ɗan Adam da samun wuri! Sai a kwarara wa lambu ruwa da rana tsaka, zafi ya shanye rabi. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ya bi rariya ya tafi a banza, ba mai ko waiwaye.

Ana nan, wata shekara damina ta ɗauke da wuri. Idon ruwan ya koma ɗigo, da ƙyar kowane gida ke samun na sha, lambuna suka bushe ƙarau. Nomau, dattijon manoma, ya zo ya sami Barmo.

"Barmo, ka kawo mu, mun gode. Amma yara ba sa cin dutse. In sabon wata ya tsaya ba sauƙi, za mu tashi."

Maganar ta soki Barmo a zuciya, don yana son garin nan kamar ɗan cikinsa. Ya saɓi baka ya shiga daji neman farin gwanki, amma ko sawunsa bai gani ba. Da ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, sai ya nufi wani tulu da ya binne tun kaka, don al'adar maharba ce su binne ruwa a hanyar farauta saboda irin wannan rana.

Yana isa ya tsaya turus. Daji duk ya ƙone fari fat, amma kewayen tulun kore ne shar, har 'ya'yan gautar da ya taɓa tofarwa a wurin sun tsiro sun yi fure. Ya buɗe murfi, ya tarar da sauran ruwa. Ya tona ƙasa da hannu, ya ga saiwoyi sun rungume tulun, suna tsotsar ɗan gumin da yumɓu ke fitarwa.

Da ya dawo, Hakama ta leƙa jakarsa. "Maigida, ina naman?"

"Na samo abin da ya fi nama. Tulu nawa gare ki?"

Suka binne tulunan a tsakar gida har wuya, suka shuka iri a kewaye, suka lulluɓe ƙasa da busasshen ganye. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ƙwarya duk cikin tulunan suke ƙarewa. Gari ya sami abin dariya, ana cewa maharbi ya rasa nama ya koma harbin ƙasa.

Kafin wata ya tsaya, gidan Barmo ya yi kore. Nomau, wanda ya riga ya ɗaure kayansa, ya shigo ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasa, ya ji sanyi. Can ya ɗaga kai.

"Hakama, 'yata, akwai sauran tulu?"

Daga nan ba wanda ya tashi ya bar gari. Garin shi ne ake kira Tulun Barmo, kuma har yau a can ba a kafa harsashin ɗaki sai an fara binne tulu a tsakar gida. In baƙo ya watsar da ruwa a ƙasa, ba a yi masa faɗa, sai dai wata tsohuwa ta tambaye shi, "Ɗana, a garinku ba a shuka ne?" Idon ruwan kuwa bai taɓa komawa yadda gwanki ya bar shi ba. Ɗigo yake yi har gobe, kuma ɗigon ya ishi gari.