Kasuwar Tsibiri

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau, ƙasarsa ta hatsi ce. A hayin kogi kuwa akwai Sarkin Gabas, mai gishiri da kanwa. Wata shekara Sarkin Gabas ya ninka kuɗin fito, Sarki Jatau ya fusata, ya rantse a gaban fadawa cewa ƙwayar geronsa ba za ta sake taka ƙasar Gabas ba. Wancan ma ya rantse a kan gishirinsa.

Kafin shekara ta kewayo, ƙwari sun cinye hatsi a rumbuna, shanu sun rame don rashin kanwa, fatake sun sayar da jakunansu. Daga hayi kuma sai labarin yunwa.

Abin ya hana Waziri Zubairu na Sarki Jatau sukuni, ga shi Sarki ya ce duk wanda ya yi masa zancen buɗe hanya a bakin rawaninsa. Wata rana yana tafe a bakin kogi da rani, sai ya hangi wani tsibirin yashi da ruwa ya janye ya bari. Ya daɗe yana kallonsa.

Da fada ta cika, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya ga Alƙali. Ƙasar da ba ta nan da damina, ta wa ce da rani?"

Alƙali ya ce, "Iyakarmu bakin ruwa, tasu ma bakin ruwa. Wannan ba ta kowa ba ce."

Waziri ya ce, "Ashe geron da aka sauke a can bai taka Gabas ba."

Sarki ya dube shi, ya dubi ramammun talakawan da ke ƙofa, sannan ya ce, "Ni dai ban rantse a kan yashi ba."

Waziri ya aika wa takwaransa na Gabas, ashe shi ma mafita yake nema. Ranar Laraba kasuwa ta ci a tsibirin, kwale-kwale na kai da kawowa, mata na kuka don murna.

Da ruwa ya dawo ya rufe wurin, sarakunan biyu suka ciyar da miskinai kaffarar rantsuwarsu, aka rage kuɗin fito, aka buɗe hanya. Waziri ya koma gida, ya ce a kai wa shanunsa kanwa, ya zauna a inuwa yana kallonsu suna lasa.