Inabin Baba Jatau

Baba Jatau ya bar wa 'ya'yansa gadon da ba a taɓa ganin irinsa ba a kwarin kogin nan. Yanzu ma da ƙyar ake ganinsa, don yashi ya rufe rabi.

Gadon wata 'yar fadama ce da ya dasa inabi a ciki, lokacin da kowa ke fama da tumatir. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, tsohon yana kwance ba lafiya. Da ya ji ruwa ya doshi rumfunan inabin, sai ya ce a gaban jama'a, "Duk wanda ya raya min irin nan, fadamar tasa ce." Inabi kuwa ba a shuka ƙwallonsa, reshe ake yanka a dasa. In itacen ya mutu duka, shi ke nan.

Barau, babban ɗansa, shi ya shiga ruwa har ƙirji da wuƙa a baki. Ya yanko rassa, ya ɗaura su a ka kamar gammo, ya fito. Ya fito da tari kuma, wanda har yau bai rabu da shi ba.

Ladidi, ƙanwarsa, ta karɓi rassan ta binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a wata fasasshiyar randa. Da bazara ta tsananta, rijiyar unguwarsu ta ƙafe, sai ta riƙa raba musu ruwan shan gidanta. Mijinta ya ce, "Ke Ladidi, mu za ki shayar ko tsinke?" Ta ce, "Kai kana da ƙafar zuwa rafi, Malam." Yawancin rassan sun bushe. Kaɗan suka yi toho.

Toho kuwa ba ya jiran kowa, ga fadamar duk yashi. Ilu, autansu, shi kaɗai ke da fili a kan tudu kusa da ruwa, cike da albasar da ya ɗora aurensa a kanta, ba ta ƙosa ba. Ya tuge ta ɗanya, ya dasa rassan a wurin. Yarinyar da zai aura ta jira shi iya gwargwado, wato har zuwa kaka, sannan ta auri wani.

Baba Jatau ya rasu kafin itacen ya hau rumfa. Liman ya ce ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Nan take duka ukun suka yarda, don kowa ya tabbata da shi ake nufi. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Bana itacen ya fitar da nono ɗaya, wato curin 'ya'yan inabi guda. Aka rasa wanda zai tsinke shi ba tare da an ce ya ci gado ba, sai tsuntsaye suka cinye.

To jama'a, fadamar tana nan, ba ta rabuwa uku. Da mai tari, da mai randa, da tuzuru, wa za a ba?