Rijiyar da Aka Zuba wa Ruwa

Akwai wani maigida mai fili a bakin fadama. Da rani ya shigo, sai ya kira ma'aikatansa biyu, Habila da Barnaba, ya nuna wa kowa inda zai haƙa rijiya. Ya ce, "Bayan mako uku zan zo da guga. Wanda na sami ruwa a rijiyarsa zai ga alheri."

Habila mutum ne mai zafin nama, amma ba ya son aikin da zai daɗe. Ya haƙa gaba uku, sai digarsa ta ci karo da marmara. Ya sara, ya sara, har hannuwansa suka yi bororo. Ya leƙa wurin Barnaba, ya tarar shi ma ya sha fama da marmarar, amma ya fasa ta, ga ruwa yana ɓuɓɓugowa.

Ranar da maigida zai zo, da Barnaba ya tafi cin abinci, sai Habila ya suri tulu. Ya ɗebo daga rijiyar Barnaba ya juye a raminsa, ya koma ya ɗebo, har sawu ashirin. Marmara ta riƙe ruwan kamar ƙwarya. Habila ya leƙa, ya ga fuskarsa a ciki, ya yi dariya, wai shi mai wayo.

Maigida ya iso, jama'a na biye da shi. Ya jefa guga a rijiyar Barnaba, ya fito cike. Ya jefa a ta Habila, nan ma ya fito cike. Mata suka rangaɗa guɗa! Maigida ya ce, "Madalla! Ga alherin da na ce. Kowa rijiyarsa ta zama tasa, da filin da ke kewaye da ita. Ku yi lambu, ku ciyar da iyalinku."

Barnaba ya daka tsalle don murna. Habila kuwa bai yi murna ba, gama ya san abin da ke cikin raminsa.

Matarsa Rifkatu ba ta sani ba. Don ɗoki, a ranar ta dasa irin albasarta duka, ko ɗaya ba ta rage ba. Kashegari guga ya fito da rabi. A rana ta uku ya fito da laka. Rifkatu ta ce, "Baban Saratu, ina ruwan da aka yi wa guɗa?" Albasa kuwa ta fara kwanciya, kuma ita ce abincin gidan har damina.

Kunya ta ishi Habila. Ya je ya durƙusa gaban maigida ya faɗi gaskiya. Maigida ya amsa ya ce, "Ni ka ruɗa na rana ɗaya, amma 'ya'yanka ka bari da ƙishirwa. Je ka roƙi Barnaba gafara, sa'an nan ka koma cikin ramin."

Barnaba ya yafe masa, har ya nuna masa yadda ake bin tsagar marmara da diga. Habila ya sara kwana huɗu. Sai ga damshi, sai ga ruwa yana tsartuwa a ƙafafunsa! Ya ƙwala ihu daga ƙasan rijiya, "Rifkatu! Sako guga! Wannan nawa ne!" Rabin albasar ta riga ta mutu, amma sauran ta tashi.

Ga ma'anar misalin, 'yan makaranta. Rijiyar ita ce kanku, haƙa kuwa karatu ne. Marmara ita ce darasin nan mai wuya da kuke gudu, ko lissafi ko kimiyya. Tulun Habila shi ne satar amsa: leƙen takardar wani, rubutu a tafin hannu, kwafe aikin gida. Malami zai iya jefa guga ran jarrabawa ya sami ruwa, a kuma yi muku guɗa. Amma Ubangiji yana ganin ƙasan rami, kuma rijiyar nan ku za a bar wa ita. Wata rana mara lafiya zai zo gabanki, ke ma'aikaciyar jinya, wani kuma zai ba ka ginin gidansa. A ranar Barnaba ba ya kusa.

In kun taɓa ɗaukar tulu, ku faɗi gaskiya tun albasa ba ta mutu ba. Ku tambayi wanda ya iya, ku koma cikin ramin. Ruwan yana nan ƙarƙashin marmara, kuma naku ne.