Kyamarori Biyu Da Teburin Baba

Akwai wani ma'aikacin ofis da 'yan gidansu ke kira Sai-Na-Duba. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan tun suna yara, kuma sunan ya bi shi har gidan aurensa. Mutumin kirki ne, ba ya cin mutuncin kowa, amma ruwan ido ya yi masa katutu. Ko takalmi ya fita saye, sai ya zagaye shago biyar, ya dawo gida da wanda ya fita da shi.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. A ciki akwai teburin katako mai ƙananan aljihuna, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalaben magani cike da 'yan kusoshi, da agogunan bango da ba a taɓa samun biyu sun yarda da lokaci ɗaya ba. Da abin da ke fitowa daga teburin nan aka rene su.

Ana nan sai aka sayar da benen, aka ce kowa ya tashi kafin ƙarshen wata. Baba bai ja da kowa ba. Dama hannunsa ya fara rawa, don haka ya ce ba zai nemi wani shagon ba, ya ajiye aiki ke nan.

Ranar da ɗansa ya je yi masa jaje, Baba ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya ce, "Abu guda nake so ka yi min. Ka ɗauke ni hoto ina zaune a kan aikina. Duk tsawon shekarun nan ba ni da ko ɗaya. Ina so jikokina su ga ba zaman banza na yi ba."

Wayar Sai-Na-Duba tana aljihunsa a lokacin, cike da caji. Amma ya ce ina, hoton waya bai dace da Baba ba. Ya daɗe yana shirin sayen kyamara irin ta zamani, marar madubi a ciki, wadda ake sauya mata gilashin gaba, kuma ya riga ya tanadi abin sayenta. Ya roƙi Baba kada ya bari kowa ya ɗauke shi da waya, ya jira shi kwana biyu kacal.

Baba ya ji daɗi har ga zuciyarsa. Washegari ya zo da farar rigarsa a goge, ya rataye ta a ƙusa a bayan ƙofar shagon, don ranar hoto.

A shagon kyamarori an nuna wa Sai-Na-Duba guda biyu da suka yi daidai da mai koyo. Ɗaya baƙa ce, tana da 'yar tagar da ake kara ido a leƙa, batirinta yana daɗewa, amma tana da ɗan nauyi. Ɗayar mai ruwan azurfa ce, ba nauyi, allonta yana juyawa, tana saurin kama idon mutum, amma batirinta ba ya jure dogon aiki. Ya ɗauki baƙar, ta zauna masa a hannu daram. Mai shagon, wani dattijo marar yawan magana, da ya ji wanda za a ɗauka, ya ce masa wadda hannunsa ya so ita ce tasa, domin kowacce a cikinsu za ta ɗauki tsoho a kan tebur ba tare da ta ba shi kunya ba.

Sai-Na-Duba ya yi murmushin wanda ya fi kowa sani, ya ajiye ta, ya ce sai ya duba.

Jama'a, daga ranar bawan Allah nan bai sake samun sukuni ba. A motar haya yana kallon bidiyon masu gwada kyamarori. A ofis takardu sun taru a gabansa, shi kuwa yana can yana zuƙo hoton ganyen bishiya don ya ga wacce ta fi fito da jijiyarsa. Da safe ya tashi yana ɗan baƙar, kafin azahar wani a intanet ya kushe ta, sai ya koma ɗan azurfa. A wurin cin abinci matarsa ta tambaye shi ko gishiri ya ji, ya ce mata ai matsalar batir ce.

Ta kalle shi ta girgiza kai. Ta ce da haka ya yi dogon nazari kafin ya aure ta, da har yanzu tana gidan ubanta. Ya yi dariya, amma idonsa bai bar wayar ba.

Kwana biyu suka zama goma. Sau huɗu yana komawa shagon kyamarori, ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya ɗaga waccan, ya fita hannu rabbana. Kullum Baba ya kira shi, amsar ɗaya ce, saura ƙiris. Shi kansa abin yana cinsa a rai. Yana jin kunyar riga da ke rataye a bayan ƙofa, amma tsoron ya sayi ɗaya ya yi da-na-sanin ɗayar ya fi ƙarfinsa.

Yayarsa ta leƙa shagon Baba wata rana, ta ga rigar ta fara yin ƙura. Ta zaro wayarta ta ce ya saka rigar ta ɗauke shi yanzu a wuce wurin. Baba ya ƙi. Ya ce ƙaninta ya ce a jira shi, kuma ba zai kunyata yaron ba. Tana fita ta kira Sai-Na-Duba ta wanke shi tas, ta tuna masa cewa ranar Asabar ne za a kwashe kayan shagon, da la'asar.

Ya rantse mata cewa Asabar da hantsi zai iso da kyamara a wuya.

Asabar ɗin kuwa ya riga mai shagon kyamarori zuwa. Ya shiga da niyyar baƙar, har an fara ciro ta daga kwali, sai wani mai saye da ke gefe ya ce ya ji ana raɗe-raɗin sabon samfurin mai azurfar zai fito nan ba da jimawa ba. Shi ke nan, aka koma gidan jiya. Sai-Na-Duba ya ja kujera ya zauna, ya shiga bincike. Ya tashi, ya zauna, ya fita ƙofa, ya dawo, gumi yana keto masa.

Wayarsa ta yi ƙara, Baba ne. Ya katse, don yana tsakiyar wani bidiyo, ya ce a ransa zai kira nan da minti biyar. Ta sake yin ƙara, ya sake katsewa.

Mai shagon da ya gaji da kallonsa ya ce, "Malam, wanda za ka ɗauka ɗin, shi ma yana da lokacin jira irin naka?"

Maganar ta soke shi. Ya duba agogo, ya ga rana ta riga ta raba. Ya miƙe ya ce a ba shi baƙar, wato dai wadda ta zauna masa a hannu tun ranar farko. Ya tari mota yana ta azalzalar direba, yana gaya wa kansa ai la'asar da saura.

Da ya iso, ƙofar shagon a buɗe take, amma bai ji ƙarar agogo ko ɗaya ba. Babu tebur, babu fitila, babu kwalabe. A bango sai zagayen farin fenti a inda kowane agogo ya daɗe a rataye. Baba yana zaune a tsakiyar ɗakin a kan wani kwandon roba da aka kifa, sanye da farar rigarsa, hannuwansa a kan gwiwa.

Ashe mai motar ɗaukar kaya ne ya zo da wuri, ya ce in ba yanzu ba sai wani makon, mai benen kuma yana jiran makullinsa. Teburin ma wani kafinta aka bar wa, ya riga ya ɓalle ƙafafunsa don ya shiga mota. Abin da Baba ya kira don ya gaya masa ke nan, har sau biyu.

Sai-Na-Duba ya tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu, ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya durƙusa ya fara ba da haƙuri. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa hannu ya karɓi kyamarar, ya jujjuya ta a hankali yadda yake jujjuya agogon mutane, ya ce aikin mai kyau ne, an ɗaure ta da kyau.

Maƙwabcin Baba, mai gyaran takalmi, wanda shi ma yake haɗa nasa komatsan, ya leƙo yana sosa ƙeya. Ya ce shi fa ya yi laifi. Shekaranjiya ya ga Baba ya duƙufa a kan wani agogon hannu, abin ya ba shi sha'awa, sai ya ɗauke shi da wayarsa ba tare da ya sani ba.

Ya zaro wayar, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Hoton ya yi dishi-dishi, ya karkace, ga ɗan yatsan mai takalmi ya rufe kusurwa ɗaya. Rigar aikin Baba ce a jikinsa, mai tabon mai. Amma ga tebur, ga fitila a kunne, ga gilashi a ido, ga Baba a kan aikinsa.

Baba ya daɗe yana kallo, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a tura masa. Mai takalmi ya ce ai wayar ba ta tura komai, ban da ɗaukar hoto kira kawai take yi, shi ma sai ta ga dama.

Sai Baba ya miƙa wa ɗansa sabuwar kyamararsa, ya ɗora tsohuwar wayar a nasa tafin hannun, ya ce, "To ɗana, ga aikin ya samu. Ɗauki wannan da taka, ka wanke min shi."

Hoton farko da kyamarar ta ɗauka ke nan, fasasshen gilashin wayar mai takalmi. Ta kuwa yi aikinta, ta fito da kowace tsaga ta gilashin tar. Shi ne a rataye a ɗakin Baba har yau, kuma duk jikan da ya tambaya wa ya ɗauka, Baba yakan ce maƙwabcinsa ne, ɗansa kuma ya taimaka.

Darasi: Bincike kafin saye abu ne mai kyau, amma idan ya wuce kima ya zama ruwan ido, kuma wanda ke jiranka shi ke ɗanɗana kuɗarsa. Idan iyayenka suka roƙe ka abu, yi musu yau da abin da ke hannunka, mafi kyawun ya biyo baya. Ka tura wannan ga Sai-Na-Duban gidanku, in kuma kai ne shi, ajiye wayar nan ka kira gida.