Ɗangana Ya Kama Gado A Ɗakin Mata

Akwai wani dillalin busasshen kifi a kasuwar Yelwa, ana ce masa Ɗangana. Kifinsa dai ba laifi, amma bakinsa ya fi kifin auki. Kullum cewa yake: "Asibitin garin nan a tafin hannuna yake. In na yi tari a bakin ƙofa, sai an fito da gado."

Ran nan da hantsi sai ga Sule, wani masunci daga Ngaski da ke kawo masa kifi, ya iso hankali tashe. Mahaifiyarsa, Inna Barira, numfashinta na sarƙewa.

"Maigida, yau ce ranar alfarmarka," in ji Sule.

Alhali ko maigadin asibitin bai san Ɗangana ba. Amma ya gyara hula ya ce, "Wanga ai ƙaramin abu ne."

Suka kai Inna asibiti, suka tarar da wata nas mai suna Rahama tana karɓar marasa lafiya. Ta duba Inna, ta ciro waya. Ɗangana ya leƙa, sai ya ga abin al'ajabi: gadajen asibitin kaf ga su nan jere cikin manhaja, kamar an ɗauke rufin ginin ana kallo daga sama. Mai mutum ja, wanda babu kowa kore. Ɗakin mata duk ja, sai gado na bakwai kaɗai.

"Ikon Allah!" in ji Sule. "Daga nan kike ganin ɗakin da ba ki shiga ba?"

"Daga nan. Bari in gwada jininta, in sa sunanta."

Shi kuwa Ɗangana ya san ƙa'idar bakin ruwa: in kana son wuri a kwalekwale, ka riga kowa zama. Ya ce wa Sule zai je ya ga manya. Ya zagaya, ya faki ido, ya faɗa ɗakin mata, ya haye gado na bakwai, ya ja mayafi har ka.

Can sai mai kula da ɗakin ta zo wucewa. Ta ga mutum lulluɓe, ta ɗauka an kawo sabuwar majinyaciya, ta latsa wayarta. Kore ya koma ja.

Ba a jima ba Ɗangana ya jiyo muryar Rahama ta taga: "Malam Sule, ka yi haƙuri, an kama gadon. Sai dai a wuce da Inna Birnin Kebbi."

"Malama, tsohuwar ga ba ta kaiwa can da rai," in ji Sule.

Ɗangana ya shiga lissafi. In ya tashi, mata ashirin su gan shi. In ya ci gaba da kwanciya, tsohuwa ta bi doguwar hanya da rabin numfashi. Yana cikin wannan shawara da zuciyarsa, ya ji Rahama ta ce, "Tsaya. Gadon ya yi ja, amma ba suna a kai. Gado ba ya cika da wanda ba shi da suna. Ku biyo ni."

Ya ji takunsu da ƙarar keken marasa lafiya. Aka yaye mayafi. Sai ga gemu.

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata tsohuwa da ake yi wa ƙarin ruwa ta ɗago kai ta ce, "Baiwar Allah, mi kika haifa?"

Ɗangana ya sauko yana kakkaɓe riga. "Sule, ka gani ko? Na kama muku gado. Babban likita da kansa, Dakta Jalaluddeen, ya ce in riƙe shi. Aminina ne, kwano ɗaya muke ci."

Aka canza shimfiɗa, aka kwantar da Inna, aka sa mata na'urar numfashi. Rahama ta rubuta sunanta a waya. Sule na tsaye yana kallon ƙirjin uwarsa yana lafawa, yana ta "Alhamdulillahi."

Sai wani siririn mutum mai tabarau, wanda shi ya turo keken Inna tun daga ƙofa, ya miƙa wa Ɗangana hannu.

"Malam, yaya aminin naka yake?"

"Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga tumbi."

"To, ashe na rame. Ni ne Jalaluddeen. Yaushe muka ci kwanon?"

Darasi: Wanda ya ce ya san kowa, a ranar tsanani shi ake fara nema, ƙaryar da ya yi don a yaba masa kuwa tana iya tare wa mara lafiya hanya. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar masu aiki su yi aikinsu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aminai a kowane ofis.