Wanda Ya Ce Uwa Za Ta Jira Shi

An yi wani mutum a Birnin Kebbi, zamanin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, uwarsa ta aiko kiransa tana bakin mutuwa, ya ce sai gobe.

Uwar, Hure, mai bandar kifi ce a Argungu. Ubansa masunci ne, ruwa ya ci shi yaron yana goye. Da bandar nan ta rene shi, da ita ta kai shi boko, hayaƙi yana cin idanunta. Shi kuwa ya samu aikin ofis, aka ba shi gida a unguwar Gesse.

Sau ɗaya ta zo gidan, da kwandon kifi a ka. Abokansa suka toshe hanci. Ya ce musu mai talla ce. Ta ji da kunnenta. Ta ajiye kwandon ta koma, ba ta ƙara zuwa ba.

Ya 'yan uwa, kada ku ɗauka mutumin nan ba ya kuka. Yana yi! Duk Asabar yana gidan silima wurin fim ɗin Indiya. A fim ɗin, uwa ta sha wuya, ɗa ya yi arziki ya ƙi ta, ciwo ya kwantar da ita, ya sheƙo da gudu ya faɗi kan ƙafafunta, ta buɗe ido ta yafe masa, sannan ta cika. Sai ya jiƙe hankicinsa da hawaye. A hankali abin ya zauna masa a rai: uwa ba ta tafiya sai ɗanta ya iso.

Wata Asabar bayan la'asar, kawunsa Dikko ya iske shi yana ɗaura agogo.

"Tashi mu tahi. Uwarka ba ta ko shan ruwa, sunanka kawai taka kira."

"Kawu, yau sabon fim za a sa, na yi wa mutane alkawari. Gobe da sahe ina nan tahe."

"Kai, ranta hannunka shike?"

"Za ta jira ni."

Dikko ya dube shi, ya juya tasha shi kaɗai.

Washegari da hantsi mutumin nan ya isa Argungu, har ya shirya kalmomin da zai faɗa. Sai ya yi karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk laka. Ya kutsa cikin gida, ya kama tsohuwa Laure, maƙwabciyar da ta yi jinyarta.

"Ta ce ta yahe mini?"

"Ta tambayi ko ka iso. Munka ce a'a. Ta juya huskarta ga bango."

Ina wanda zai mayar masa da fim ɗin baya? Mala'ikan mutuwa yana jiran a tashi silima? Jama'a, kuka a kan uwar majigi ba biyayya ba ne. Mai uwa da rai ya tafi wurinta yau.

Mutumin nan bai koma ofis ba. Hankalinsa ya taɓu, aka karɓe gidan. Shekaru yana yawo a kasuwar kifi ta Argungu, duk tsohuwar da ya gani sai ya riƙe ƙafarta yana "Inna, ki yahe mini," tana fizgewa. A nan aka tsinci gawarsa.

Allah ya kiyaye mu, ya sa mu rabu da iyayenmu suna sa mana albarka.